Hoton Inna a Bakin Gado

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya Anti da yara? Mu nan Wudil lafiya, sai Inna da ciwon ƙafarta. Yanzu ko tsakar gida ba ta fitowa.

Kyamarar da ka aiko ta wahalar da ni. A waje lafiya lau take, amma a ɗakin Inna hoto dishi-dishi yake fitowa. Na bi shawararka ta sabunta manhajar cikinta. Shagon intanet na nan ya kasa sauke ta, sai da na shiga Kano. Can ma ana dab da gamawa aka ɗauke wuta, muka koma farko. Da aka gama saukewa na zo ɗora ta a kan kyamarar, mai shagon ya ce, "Malam, in batir ya mutu a tsakiya, kyamarar ta tashi aiki." Haka na zauna ina kallonta har ta gama. Na dawo gida a gajiye liƙis.

Jiya na ɗauki Inna a bakin gadonta, hoton ya fito tas. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Haka na rame? Kar ka aika masa." Duk da haka ga shi na sa maka. Ka dube shi da kyau, Yaya, ka nemi hutu ka zo.

A sa ta a addu'a. Ka gaida Anti da yara. Kawu na Darki yana gaishe ka.

Ƙaninka,
Sabi'u