Tauraro Ya Mutu a Gaban Baba

Bauchi, 18 ga Satumba, 1960

Zuwa ga ƙanwata Madina,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarki, da maigidan, da yara? Allah ya sa kuna ƙalau.

Baba ya aiko daga Inkil cewa in bar makarantar horon malamai in koma garke, wai ya ji wasa muke yi. Wasan kuwa gaskiya ne, na kwaikwayo, domin bikin mulkin kai. Malaminmu, Malam Amos, ya ce kowane wasa yana da jigo, watau saƙon da yake ɗauke da shi, namu riƙon amana ne. Yana da tauraro, wanda labarin ke tafiya a kansa. Kada ki yi dariya, yayanki ne: makiyayin da aka ba amanar shanu. Akwai kuma ƙololuwa, inda rikici ke kai maƙura, nan ɓarayi za su soke ni.

Na roƙi Baba ya zo ya gani kafin ya yanke hukunci. Ina son karatun nan har raina, kuma ba na shakkar kaina ko kaɗan.

Yayanki,
Abdulsalam

Bauchi, 4 ga Oktoba, 1960

Madina,

Bayan gaisuwa da fatan kun tashi lafiya, Baba ya zo. Laifina ɗaya, ban gaya masa ƙarshen labarin ba.

Da aka soke ni na faɗi, ruwan zoɓon da muka tanada a madadin jini ya jiƙa rigata. Sai na ji ana kwaɗa sunana, na gaskiya. Kin san ni ɗan fari ne, ban taɓa jin sunan nan a bakin Baba ba. Ya ratso jama'a da sanda, ɓarayina suka watse, ya rungume kaina yana laluben raunin. Ni gawa, dole na buɗe ido. Warwarar labarin da muka sha wahalar haddacewa ba wanda ya ganta. Jama'a na ta dariya, ni kuwa kuka nake yi na daɗi.

Kunya ta sa ya tafi ba sallama. Jiya ya aiko da man shanu da saƙo: in ci gaba da karatu, tunda har shi aka ruɗa. Amma a gaya wa malamin, nan gaba a soke ɗan wani.

A gaida maigidan. Allah ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Abdulsalam