Na Kori Surukina da Hannu Ina Kiɗan Teremin

Malam Maman, don Allah ka taimake ni da shawara kafin Asabar mai zuwa, don in ta wuce a haka ban san da wace fuska zan sake shiga gidan surukaina ba.

Ni malamin kimiyya ne a wata makaranta nan Madarumfa. Wata huɗu da suka wuce abokina Ɗan Azumi, direban babbar mota mai zuwa Kwatano, ya kawo mini tsarabar wani abin kiɗa da ake kira teremin. Wai da ya ga kowa ya rasa gane kan abin, ni na faɗo masa a rai. Ɗan akwati ne mai aiki da kuran, wato wutar lantarki, da tsinken ƙarfe tsaye a dama, da wani ƙarfen lanƙwasasshe a hagu kamar hannun buta. Ba a taɓa shi. In ka kai hannun dama kusa da tsinken murya ta hau, in ka janye ta sauka. Hannun hagu ke ƙara sauti ko rage shi. Irin na 'yan koyo ne, har da ɗan allo mai nuna maka in ka kauce. Satin farko akuyar maƙwabta ce kaɗai ke amsa mini, sai matata Saratu ta ce in koma zaure. Yanzu kam, ba yabon kai ba, ina fitar da waƙa uku da mutum zai iya ganewa.

Aibinsa ɗaya, ba ya bambanta hannuna da jikin wani. Kome ya matso, muryar sai ta karkace.

Waccan Juma'ar bayan la'asar ina zaure, na juya wa ƙofa baya, na toshe kunnuwa da abin sauraro don kar in dami kowa, idona a rufe. Sai na ji muryar tana hawa alhali ban motsa ba. Na ɗauka akuyar nan ce. Ban ko buɗe ido ba na kaɗa hannu sau uku kamar mai korar kaji daga shanya, har da tsaki. Da na waiwaya, Malam Ado ne, mahaifin Saratu, tsaye da hannunsa a miƙe, ɗayan hannun riƙe da ƙunshin kifin da ya kamo a tafki. Tsohon da ba ya taka gidana sai sau biyu a shekara! Ashe ya yi sallama har uku. Ya ajiye kifin ya fita. Ni kuwa sai da ya kai bakin hanya na tuna da durƙusawa.

Washegari na je na yi masa bayani dalla-dalla, cewa jikin ɗan Adam na shafar lantarkin da ke kewaye da tsinken, shi ya sa zuwansa ya ɓata sautin. Ya saurara har ƙarshe, ya yi mini addu'ar ƙarin ilimi, ya ci gaba da gyaran komarsa ta kamun kifi. Tun ranar, kifin da ya saba aiko mana bai sake zuwa ba. Saratu ba ta yi faɗa ba, amma yanzu mushe take ce mini, wato malam da Faransanci, kamar yadda ɗalibaina ke kirana.

Ga shi Asabar ɗaurin auren ƙanenta Abdoul Aziz, kuma na yi masa alkawarin kiɗa a walima. Ya riga ya baza labari tun daga garin Ɗan Issa har na Sarkin Yamma. In na kaɗa, tsoho zai ga kamar ina masa gwalo da abin da ya ci masa fuska. In na fasa, na kunyata ango. Shin in jefa akwatin nan a tafki ne kowa ya huta?

Wani suruki mai nadama, Madarumfa

AMSA

Malam mai nadama, bar tafki da kifinsa, bai yi maka laifin kome ba.

Na karanta cewa wani Barashe ne ya ƙirƙiro wannan abu shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce. Ban ga inda aka ce yana da suruki masunci ba, amma ina zaton ko shi ba zai juya wa ƙofar zaure baya ranar Juma'a ba.

Kana da hujja, ban musa ba. Ba ka ji sallama ba, ba ka ga mai shigowa ba, kuma akuyar ta saba. Amma dubi abin ta wurin Malam Ado. Dattijo ya ɗauko kifi da kansa, ya yi sallama uku, ya miƙa hannu, aka kore shi da tsaki. Washegari yana jiran ban haƙuri sai aka kawo masa darasi, wanda ma'anarsa a kunnensa ita ce jikinsa ne ya yi ɓarna. Laifin Juma'a na kuskure ne. Na washegari kuwa da idonka biyu ka tafka shi, irin na malaman da ke zaton duk wanda ya yi shiru bai gane ba ne. Ya gane sarai.

Ga abin yi. Gobe ka nemi wani dattijo sa'ansa ya raka ka, ka riƙe goro, ka cire takalmi tun daga nesa, ka durƙusa ka ce ka yi laifi a yafe maka. Iyakarta ke nan. In kalmar lantarki ta taso maka a maƙogwaro, haɗiye ta. Kar ka ambaci akuya kuma, don babu surukin da zai ji sanyi in an ce da ita aka kamanta shi.

Maganar walima, dattijon da ya raka ka ne zai tayar da ita, ba kai ba: ya ce ango ya roƙi kiɗa, amma ka ce ba ka yi sai Baba ya yarda. In ya hana, ka haƙura, Abdoul Aziz ya san halin mahaifinsa fiye da kai. Ina dai kyautata zaton zai yarda. Mutumin da aka kora daga zaure, in aka dawo masa da hukuncin a hannunsa, yawanci ya samu abin da yake nema.

In ya yarda, ka tsaya kana fuskantar jama'a, ido buɗe, kunne buɗe, ka shimfiɗa tabarma kewaye da akwatin don masu son leƙe su san iyakarsu. Sa'an nan ka tuna da abin da ka sani ka manta: da ka ɗora tafin hagu a kan ƙarfen nan mai kama da hannun buta, abin zai yi tsit. Hagu ta rufe masa baki, dama ta samu sukunin gaisawa. Ka yi ta gwada wannan har Asabar, ya fi maka waƙa ta huɗu amfani.

Kar ka matsa wa tsoho ya gwada a gaban mutane. Amma in wata rana ya tsaya yana kallon tsinken ta wutsiyar ido, matsa gefe ka ba shi wuri. Hannun da ya shekara arba'in yana jin motsin kifi a igiya zai iya fin naka natsuwa, ka shirya wa wannan ma.

Allah ya sanya alheri a auren, ya huci zuciyar Malam Ado. Ranar da kifi ya dawo gidanka, Saratu kuma ta daina ce maka mushe, ka san an yafe.

Malam Maman