Gaiwar da Ka Aiko Mini a Cikin Laka

Baba,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga ɗanka. Allah ya kai haske kabarinka, ya sa kana cikin rahama. Na san wannan takarda ba za ta je hannun Malam Audu ya karanta maka a ƙofar gida kamar sauran ba. Ba zan manna mata kan sarki ba, don babu gidan wayar da zai karɓe ta. Amma akwai maganar da ta tokare mini ƙirji tun da hantsi, kuma na duba gabas da yamma ban ga wanda ya dace da ita ba sai kai.

A zaurenka nake zaune. Komarka ta kamun kifi tana nan rataye inda ka bar ta, ɓera ya ɗan taɓa gefe guda, ba wanda ya gyara. Shekaranjiya na iso, motar Funtuwa ta sauke ni a Danja na ƙaraso da ƙafa. Ruwa ya sauka, kowa yana gona. Kawu Ilu ne ke noma fadamarka yanzu, ya sa rake a gefen da kake sa shinkafa. Inna lafiyarta lau sai ciwon gwiwa, kuma ta rage magana ƙwarai. 'Yarka Ladi ta haihu namiji, an sa masa sunanka, saboda haka yanzu duk gidan ba mai iya kiran sunan jaririn. An ce kuma an yanka Jihar Arewa gida shida, mu an haɗa mu da Zariya. Na san da kana nan cewa za ka yi su yanka ta goma ma, in dai ba su yanka fadama ba.

Na gama jarrabawar ƙarshe, Baba. Shekara uku ina karatun kifi a jami'a, abin da mutanen garin nan har gobe ba su daina yi wa dariya ba. Ka tuna abin da Kawu ya ce ranar da zan tafi, wai 'ya'yan mutane suna zuwa su zama likita da alƙali, ni kuwa an kai ni birni in koyo abin da ubana yake yi da ɗan wando a cikin taɓo. Kai kaɗai ne ba ka yi dariya ba. Cewa ka yi a bar ni in je, ruwa yana da faɗi, ba mai gane masa shi kaɗai.

To ni kuwa wata uku kacal na yi na dawo ina jin na gane masa duka.

Ba sai na tuna maka ranar ba, amma zan faɗa, don ban taɓa faɗinta da bakina ba. Hutuna na farko ne, lokacin kakar auduga. Bayan la'asar kuna zaune a ƙofar zauren nan, kai da Liman da Malam Tanko da Kawu, kana ɗinkin koma. Hira ta kai ga gaiwa, yadda take shiga laka idan fadama ta ƙafe, ta naɗe kanta ta yi barci sai ruwa ya dawo. Ka ba da labarin wani ɗaki da aka gina da ƙasar fadama zamanin kana saurayi, bayan shekara uku ruwan sama ya ci bangon, gaiwa ta fito daga cikin tubali da ranta, kuma da idonka ka gani. Ni ina tsaye da farar riga da alƙalami a aljihu, sai na yi dariya. Na ce littafi ya ce daga kaka zuwa damina ne iyakarta, wannan kuwa tatsuniya ce, a bar wa mata da yara. A gaban abokanka na faɗi haka, Baba, ni da ka goya a wuya ka tsallaka rafi da ni.

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ba ka ɗago ba, ba ka daina ɗinkinka ba, abin da ka ce kawai shi ne to, Malam. Daga ranar nan ba ka ƙara kirana da wani suna ba sai Malam. Mutane sun ɗauka girmamawa ce, ni kuwa na san abin da nake ji duk sanda ka faɗa.

Da bazara ta kama sai ga direban lori ya zo har makaranta yana cigiyata, da kwando a kansa. Na kwance buhun da aka naɗe abin da shi, sai ga curin laka ya kai girman tulu, an shafe shi da sabon yumɓu, an bar 'yar ƙofa a sama wadda yatsa ɗaya zai shiga. Direban ya ce ka ce a gaya wa Malam kada ya toshe ƙofar nan, kada ruwa ya taɓa, ya ajiye a inuwa, ya buɗe ranar da ya ga dama. Na san aikin da ke cikin wannan. Na san sai ka bi busasshiyar fadama a tsugune cikin zafin nan kana neman ramin numfashin gaiwa, sannan ka zagaye ta da dagi daga nesa don kada ka ji mata ciwo. Yini guda ne cur, ga shi tun a lokacin tarin nan ya fara damunka.

Ɗalibai suka taru suna dariya, wai an aiko wa Bakatsine tubali ya fara ginin gidan aure. Kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya. Na tura curin ƙarƙashin gado da ƙafata. A makon nan na rubuto maka takarda, na yi zancen jarrabawa, na yi zancen abinci, na gaida kowa da kowa, ban ce saƙo ya iso ba. Takarda nawa na rubuto bayan wannan? Ko a ɗaya ban ambata ba. Na zo hutu har sau biyu, muka ci tuwo a kwano ɗaya, ba ka tambaya ba, ni ma na yi kamar ban san zancen ba.

Bari in gaya maka gaskiyar abin da ke raina a lokacin. Jira nake ta mutu. Na ce bari in bar ta ta shekara, in kawo maka ƙashinta a gaban su Liman, a ga mai gaskiya. Ka ga irin ɗan da ka haifa.

Mutum ɗaya ne ya ɗauki lakar nan da daraja, abokin ɗakina Emeka. Na taɓa ba ka labarinsa, wanda aka haifa a Funtuwa kusa da tashar jirgi, ubansa yana sayar da kayan keke. Hausa a bakinsa ta fi tawa daɗi. Mu biyu ne kaɗai a ajinmu muka zaɓi ɓangaren kifi. Shi ne duk ranar Asabar yake jawo curin ya share yanar gizo daga ƙofar da tsinke, ya kara kunnensa, ya gaishe ta da Hajiya an tashi lafiya. Yakan ce mini tsohon da ya yi shekara hamsin a cikin ruwa ba zai yi wa ɗansa ƙarya a kan kifi ba, kuma in na ƙi ji to kaina ne ya fi curin tauri. Sai in ce ya rufe mini baki.

Ka rasu da daminar shekarata ta biyu. Kafin labari ya same ni har an yi sadakar uku. Na zo na tarar da zauren nan cike da mutane, kowa yana cewa in yi haƙuri, ni kuwa abin da ke yawo a kaina shi ne lakar da ke ƙarƙashin gadona. Bayan 'yan watanni rikicin bara ya tashi, mutanen Kudu suka yi ta gudu gida, Emeka ya tafi da 'yar jakarsa, ya ce in riƙa gaida masa Hajiya. Har yau ban ji ɗuriyarsa ba. Da na biyo ta Funtuwa na je rumfar ubansa, na tarar wani yana sayar da gishiri a ciki.

Shekarar nan ta ƙarshe ni kaɗai na yi ta. Gadonsa ba katifa, kujerarsa a ɗakin gwaji ba kowa. Daga ni sai kifaye a cikin kwalabe, tarwaɗa da karfasa da kurungu, duk sun yi fari fat a ruwan magani, ina rubuta musu sunaye da harshen da ba wanda ya taɓa kiran su da shi a bakin rafi. Sai in yini ban yi magana da kowa ba in ban da gaisuwa. Ni na gaji aikin tsinken ranar Asabar. Na kara kunnena sau ba adadi, ban taɓa jin komai ba.

Wata rana na daure na tambayi malaminmu, wani Bature mai furfura, ko shekara nawa gaiwa za ta iya yi a laka. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi bai sani ba, wannan masuntan ƙasarku sun fi shi sani, in ina da wani tsoho a gida in tambayo masa. Ban san yadda na fita daga ofishin nan ba.

Tun daga nan tsoron buɗe ta ya kama ni. In na tarar ta mutu, na ci gardama ke nan, kuma wallahi babu abin da nake ƙi a duniya kamar in ci gardamar nan. In na tarar tana da rai, wa zan gaya wa? Ga kuma shatin yatsunka a jikin yumɓun, huɗu a gefe guda, har da karkataccen nan da ƙayar tarwaɗa ta soka. Ba ka bar hoto ba, Baba, ba ka bar rubutu ba. Wannan shatin shi ne abin da ya rage mini na hannunka, kuma na san ruwa na taɓa shi ya tafi.

Amma makaranta ta ƙare, an ce mu ba da ɗakuna, kuma ana zancen za a tura ni aiki can babban kogi inda ake gina madatsar ruwa. Ba zan yi ta yawo da rai a cikin kwando ba. Na rungumo curin a cinyata tun daga makaranta har Danja, duk ramin da mota ta faɗa sai gabana ya faɗi. Niyyata in tara mutanen da na kunyata ka a gabansu, in buɗe a nan ƙofar zaure, kowa ya gani.

Ashe ni kaɗai nake ɗauke da abin. Malam Tanko ya riga mu gidan gaskiya da azumin da ya wuce. Liman ya tsufa, na yi ta tuna masa, ya ce shi bai tuna an yi haka ba, Allah ya yi mini albarka. Kawu na same shi a gona, ya dube ni ya ce ashe har yanzu boko bai sake ni ba, mutane na fama da shuka ni ina fama da laka.

Saboda haka yau da hantsi na ari babban daron Inna, na sa curin a ciki a tsakiyar zauren nan, ba kowa sai ni. Na ɗora yatsuna a kan shatin naka, na daɗe a haka. Sannan na yi bisimilla na zuba ruwan sama daga randa. Ina kallo yatsun suka yi laushi, suka baje, suka zama ruwan taɓo. Na yi kuka, Baba, irin wanda ban yi ba ranar da na zo gaisuwarka.

Har aka kusa azahar laka tana narkewa. Daga ƙarshe wani abu baƙi ya bayyana, a naɗe cikin wata fata kamar busasshen ganye, wutsiya ta rufe kai. Ta rame ƙwarai, ba ta fi igiyar guga kauri ba. Ba motsi. Na zauna ina roƙon Allah ya ƙaryata ni, ban taɓa roƙon wani abu da gaske haka ba. Ladan ya kira salla ban iya tashi ba.

Sai na ji wani ɗan gurnani. Fatar ta tsage, wutsiyar ta zame daga kan, ta miƙe a hankali. Ta ɗan tsaya a ƙasan daron, sannan ta taso ta fito da baki ta shaƙi iska. Shekara biyu da 'yan watanni, Baba, a ƙarƙashin gadon wanda yake jiran mutuwarta.

Ban san sanda na miƙe tsaye na ce kai ne da gaskiya ba, da ƙarfi, har sau biyu. Inna ce ta ji daga cikin gida, ta dogaro sanda ta leƙo tana tambayar da wa nake magana. Na nuna mata daron. Ta daɗe tana kallo, ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba. Ta ce duk takardar da na aiko, in Malam Audu ya karanta ya kai ƙarshe, sai ka ce ya sake duba bayanta, ko ɗanka Malam ya ce wani abu a kan lakar. In ya ce babu, sai ka ce to, karatu ne ya yi masa yawa. Ta ce har takardar ƙarshe, wadda aka karanta maka kana kwance, sai da ka sa aka juya ta.

Me ya hana ka tambaye ni, Baba? Me ya hana ni faɗa? Layi ɗaya ne fa.

In an yi la'asar zan kai ta fadamarka in sake ta, ruwa ya fara taruwa a gindin giginyar nan. Inna ta ce ba mai cin wannan a gidan nan. Amma kafin in tashi, ga abin da ka sa aka yi ta juya takarda ana nema. Saƙo ya iso lafiya. Ban toshe ƙofar ba, ruwa bai taɓa ta ba sai yau. Na gode, Baba. Ka yafe mini.

Allah ya jiƙanka, ya sada mu da alheri.

Ni ne ɗanka mai gardama,
Sani