Maɓallin Wuyan Rigar Baba

Yayata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya gwiwar taki? Na san ba kya shan maganin, kada ma ki wahalar da biro wajen yi mini ƙarya.

Shagon dai ya buɗu. Ɗan ɗaki ne tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da magani, kuma keken ɗinkin Mama na bakin taga. Duk sanda na taka shi sai in ji kamar za ta ƙwala mini kira in zura mata zare. Na rubuta a ƙofa cewa ina ɗinka wa waɗanda suka rasa hannu ko ƙafa. Wanduna masu zik a gefe, na masu ƙafar roba, suna tafiya. Riguna ne suka gagare ni.

Akwai wani malamin makaranta da ya rasa hannun dama a hatsarin mota. Farkon wata zai koma aji. Riga mai maɓalli yake so irin ta sauran malamai, wadda zai ɓalla da kansa. Na yi masa biyu, duka ya kasa. Matarsa ta gaya mini a ɓoye cewa ya riga ya rubuta takardar ajiye aiki, tana aljihunsa.

Kin tuna Baba bayan injin katako ya cinye masa hannu? Yana tsaye yana mana faɗan makara, yatsunsa na bin maɓallai ɗaya bayan ɗaya. Akwai abin da Mama ta yi wa rigunan nan. Ki aiko mini da shuɗiyar da ke akwatinki. Ba zan ɓoye miki ba, sai na farke ta.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan zazzaɓin ƙaramar taki ya sauka.

Na ga amsarki, layi uku cur, har da tuna mini 'yartsanarki da na farke ina shekara shida. Wallahi kin iya riƙo. Na ji haushi, na kuma yi kuka, don gaskiya kika faɗa: rigar nan kaɗai ce ɗinkin Mama da ya rage mana.

Ni ma ina kewar safiyar nan. Baba ya gama ɓalle rigarsa tsaf, sai ya taka har bakin keke ya ɗaga haɓa, Mama ta miƙe ta ɓalla masa na wuya tana mitar wai ya hana ta aiki. Mu kuma muna ƙunshe dariya a bayan labule.

Amma Yaya, rigar tana kwance cikin akwati shekara goma sha ɗaya, ga mutum da ransa yana shirin barin allo. Jiya na ga yana gwada rubutu da hagu a kan teburina da allin awo. Saura kwana tara. Ba zan sake roƙo ba.

Taki, ko kina fushi,
Auta

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaisuwa, ina godiya. Allah ya ƙara lafiya, ya raya yara. Rigar ta iso, da ƙanshin akwatinki a jikinta. Sai da na yi awa guda ina riƙe da reza kafin na iya taɓa ta.

Ashe ramukan maɓallan a karkace Mama ta yanka su, kowane maɓalli kuma ta yi masa dogon wuya na zare. A cikin ninkin gaban rigar ta zura siririn ƙyalle mai tauri, don bakin rigar ya tsaya cak, babban yatsa ya tura. Iyakar sirrin ke nan. Malam ya ɓalle tasa a gabana, ya kwance, ya sake ɓallewa. Litinin ya shiga aji.

Yanzu ki zauna kafin ki ci gaba. Ƙyallen bai kai wuya ba. Na ɗauka ƙarewa ya yi, sai na tarar da ragowarsa a ninke, an mayar da shi ƙasa an ɗinke da kyau. Ramin saman kuma miƙaƙƙe ne, matsattse. Da ta so, da Baba ya ɓalle rigarsa har wuya ba tare da kowa ba. Duk mitar nan da muka sha ji, ashe ita ta ajiye wa kanta maɓalli ɗaya.

Na mayar da ɗinkin a kan ramukan allurarta, gobe direba zai kawo miki. Malam ya sa a yi masa ƙarin riguna uku. Na ba matarsa labarin na wuyan, ta sunkuyar da kai tana murmushi. Da za su fita ta dawo ita kaɗai, ta ce in matse ramin saman.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki mai farke-farke,
Auta