Takardar Likita da Aka Ɗinke Cikin Fata

Zuwa ga Babban Jami'in Lafiya mai kula da asibitocin yankinmu,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da sabuwar motar ofis.

Ni malamin aji shida ne a wata firamare a Wudil. Ina da ɗaliba, Hajara, 'yar ƙauyen Kausani, wadda babu kamarta a lissafi. Da damina idonta na hagu ya yi ja, mahaifinta Malam Sale ya kai ta asibiti.

Na ɗaya. Likitanku ya duba ta, ya yi rubutu da Turanci, ya liƙe ambulan, ya buga hatimi. Iyakar abin da aka faɗa wa Malam Sale shi ne ya adana, kada ya buɗe, in ya sami sarari ya kai Kano. Wane manomi ke samun sarari ana tsakiyar noma? Kuma a wurinmu, in mai ilimi ya ba ka rubutu a rufe ya hana ka buɗewa, laya ce. Sai ya kai wa baduku ya ɗinke ta cikin fata, ya rataya wa yarinya a wuya.

Na biyu. Bayan kaka na lura Hajara sai ta karkata kai take ganin allo. Na je gidansu, na nemi izini, na farke fatar da reza. Ashe likita cewa ya yi a gaggauta kai ta wurin likitan ido, kada idon ya mutu. Idon kuwa ya mutu. Gargaɗin yana lilo a ƙirjinta har aka yi girbi.

Na uku. Da na je neman bayani, akawunku ya ce wasiƙa tsakanin likita ce da likita, baƙauye ba zai gane ba. Madalla da wannan ilimi! Kuɗin fetur ya gina muku ofis mai sanyi, amma takardar kabon ta gagare ku. Ko mai karɓar haraji yana ba mutum rasit ɗinsa.

Roƙona shi ne duk abin da likita ya rubuta a kan mutum a ba shi kwafi a buɗe, da Hausa, boko ko ajami. In kun rasa mai karantawa, 'yan ajina za su karanta wa iyayensu, da murna ma. Don haka nake koya musu.

Yanzu idon dama ya fara ja, an sake ba Malam Sale wata takardar a liƙe. Na yage ambulan ɗin a gaban akawun na karanta takardar, gobe kuma za mu Kano. In laifi ne, an san makarantarmu.

Allah ya ƙara maka girma, ya bar maka idanunka biyu.

Wassalam.
Malamin Hajara, Wudil