Kada a sayar da kwamfutar Baba

Mama,

Na wuce aiki kina barci, ban so in tashe ki ba.

Tsohuwar kwamfutar Baba ta tashi! Ita dai wadda Yaya ya ce ta mutu murus, har kika ɗora mata kwandon zare. Wallahi har yanzu mamaki bai sake ni ba.

Jiya da yamma na sa mata Linux, manhajar kyauta da ke tafiyar da kwamfuta. Ina gamawa allon ya yi baƙi ƙirin. Na kashe na kunna har na gaji. Yau da safe na ɗauki hotonta, na tura dandalin masu amfani da manhajar ina neman taimako.

Kafin shayina ya huce wani dattijo ya amsa daga wata ƙasa mai nisa. Ya ce irinta yake amfani da ita har yau. Ya turo min layi ɗaya in rubuta wajen kunnawa. Ina rubutawa haske ya kawo tar! Na rasa irin godiyar da zan yi masa, ya ce in gaishe da mutanen gida kawai.

Idan mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ɗaukarta yau, ki ba shi haƙuri, mun fasa.

To, na isar da gaisuwar. Ki sa bawan Allahn nan a addu'a, Mama. Ko sunansa ban sani ba, amma Allah ya san shi.

Autarki