Koren Ƙyallen Dušan

Juma'a, 15 ga Satumba
An buɗe gasar hokin ƙanƙara ta ƙasa. Rabin ajina sun zo da mayafan kulob ɗin garinmu a wuya. An ɗauki ɗalibina Dušan a matsayin mai tsaron raga na biyu a babbar ƙungiya, a shekararsa ta ƙarshe a makaranta. Na taya shi murna, amma ina tsoron karatunsa zai taɓu.

Asabar, 25 ga Nuwamba
Jiya bikin maƙala koren ƙyalle. Na maƙala wa kowane ɗalibina nasa a ƙirji, zai riƙa sa shi har ranar jarrabawar ƙarshe. Dušan yana wasa a wani gari. Nasa yana jakata.

Talata, 28 ga Nuwamba
Na kai masa har filin ƙanƙara. Sanyi, ga warin safa. Ya ce zai bar makaranta, ba ya iya haɗa biyu, in riƙe ƙyallen. Na ƙi. Koci Zelenák ya ce ba mai shiga masa ƙanƙara da fil a ƙirji. Ya san adabi nake koyarwa, sai ya ce: "Malama, waƙa za ta tare mana ƙwallo?" Na ce waƙa ba ta karya gwiwa. Kocin ya yi dariya, ya karɓe ƙyallen ya sa a aljihu. Na ji haushi.

Talata, 16 ga Janairu
Gola na farko ya ji rauni, Dušan ne a raga. Muna ƙasan teburin gasa. "Muna" na rubuta?

Alhamis, 8 ga Fabrairu
Dušan ya aiko aikin gida daga cikin bas, rubutun duk ya karkace. Wai koci ne ya ƙwace wayarsa sai ya gama. Ban zaci haka daga mutumin nan ba. Na gode masa a raina.

Lahadi, 3 ga Maris
Wasan ƙarshe, in an ci mu mun faɗa rukuni na biyu. Na je, wai don in ga ko yaron lafiya yake. Ba mu faɗa ba. Muryata ta dushe.

Talata, 21 ga Mayu
Jarrabawar baka. Kowa da ƙyallensa, kujerar Dušan ba kowa. Ana dab da rufe ƙofa ya shigo sanye da kwat, ƙyallen a hannu, ya koɗe, zare baƙi na reto a gefensa. Ashe koci da kansa ya ɗinke masa shi a cikin sulken ƙirji, duk kakar wasan nan da shi yake tsaron raga.
"Malama, ba ki maƙala mini ba har yanzu."
Na maƙala masa. Ya ci jarrabawar.

Laraba, 22 ga Mayu
Na bi ta filin in yi wa Zelenák godiya. Ya ce ɗinkinsa ya fi koyarwata. Na tambayi yaushe za a fara sabuwar kaka. Saboda yaran aji na ƙasa ne kawai.